Karyayyen Noti a Tantan ɗin Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Asalinmu Fulani ne, amma Fulatancin ya tsere mana tun zamanin kakanni, shanun ma suka bi bayansa, kunyar ɗan fari ce kaɗai ta ƙi tafiya. Ana yaye ni aka kai ni wurin kawuna a Dutsin-Ma. Can na yi karatu, can na zama malamin makaranta, can nake har yau. In na je gida wajen Tamawa na durƙusa na gaishe shi, Baba yakan amsa yana kallon wani wuri daban. In yana da magana da ni sai ya gaya wa wanda ke kusa: a ce wa wancan ya tashi daga rana, a tambayi wancan ko an ba shi abinci. In kuma ba kowa a wurin sai mu biyu, to tantan ɗinsa yake gaya wa. Na sha tsayawa ina ji ana yi wa motar noma bayanin cewa hular wasu mutane ta ji jiki, ya kamata su sake wata.

Tantan ɗin ja ce a da, yanzu kuwa sai wanda ya san ta tun farko ne zai iya rantsuwa a kan kalarta. Baba ya yi shekara da shekaru yana tuƙa irinta a ma'aikatar gona, da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffi sai ya sayi wadda ya fi sanin halinta. Da damina yana yi wa mutane haro da huɗa daga Tamawa har bayan Kurfi, da rani ya gangara wajen madatsar ruwa ta Zobe wurin masu lambu. Babu makanikin da ya taɓa sa mata sifana. Shi ke kwance ta, shi ke ɗaure ta, kuma in kana so ka ga ɓacin ransa ka ce masa akwai wani gwanin gyara a Katsina. Ƙannena duk sun tashi a gindinta, sun iya tuƙi, sun iya sauya mai. Ni kuwa abin da na iya game da ita bai wuce in matsa in ba ta hanya ba.

Shekarar da nake ba da labari, hannun Baba na dama ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofin shayi ake lura, daga baya abin ya fito fili. Ƙanena da ke bi mini, wanda ke sana'ar hatsi a Kurfi, ya tara mu ya ce lokaci ya yi da za a sayar da tantan a bar tsoho ya huta, kafin wata rana ta danne shi ko ya danne wani. Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, ya fi mu duka ɗawainiya da gidan, sai dai shi mutum ne da in ya ga gaskiya ba ya tsayawa ya sa mata riga. Baba ya ji, ya ce a bar shi, duk ranar da aka ga aiki ya ɓaci daga hannunsa shi da kansa zai miƙa makulli. A kan haka aka tashi, kowa kuma ya san ƙanen nawa ya sa ido.

Ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, sai Inna ta kira ni a waya. Ta ce tayar baya ta hagu tana zubar da mai. Sati biyu da suka wuce Baba ya kwance wurin shi kaɗai ya sa sabon sil, wato zoben robar da ke tare man giya kada ya biyo aksil ya fito, amma yoyon ya dawo har ya fi na da, birkin wannan ɓangaren ma ya daina kamawa. Kwana uku ke nan yana zaune a gabanta, tuwo sai ya taɓa ya ture. Ta aiko mini da tsohon sil ɗin a leda ta hannun wani direba, ta ce in sayo irinsa in zo ran Asabar in kama masa. Na ce Inna, ga waɗanda suka san aikin, me zai sa a kira ni? Ta ce ai don ban san aikin ba ne, kuma ni ba ni da bakin magana a gabansa.

Na isa da hantsi a kan babur. Tantan tana ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida, ƙasan tayar ya yi baƙi da mai, kaji sun tattaka sun yi zane a ko'ina. Na gaishe shi, na ajiye sabon sil a kan tabarma. Ya ɗauka ya jujjuya, ya latsa leɓen robar da babban yatsa, sannan ya gaya wa tantan cewa ba laifi, wasu ma ashe sukan yi sayayyar kirki in an ba su samfur.

Muka fara. Muka datse tayoyin gaba da duwatsu, muka ɗaga bayan da jak, muka cusa kututturan gawo biyu a ƙarƙashi, don Baba bai yarda da jak ba ko na minti ɗaya. Cire tayar baya kaɗai ya isa aikin yini ga irina. Ta fi ni tsawo, ga nauyi, da muka zare ta muka mirgina ta zuwa jikin katanga sai da na ji bayana ya amsa. Muka kwance tukunyar birki, muka tara sauran man a cikin wani tsohon daro. Daga nan sai jerin notuna da suka zagaye bakin aksil, su ne ke riƙe da murfin da ya danne shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar, da boris da sil ɗin gaba ɗaya. Baba ya sanar da tantan cewa a fara da na sama, a bi su ɗaya nan ɗaya can, kada a bi layi. Na bi umarnin da aka ba ta. Wasu notunan sun ɗauru har sai da na zura bututu a kan sifana na hau da ƙafa, wasu kuma da ɗan taɓawa suke juyawa. Ban san aikin ba, amma na san bai kamata su bambanta haka ba.

Akwai guda ɗaya a ƙasa, ta wajen baya, wanda duk lokacin da na nufe shi sai in tarar da gwiwar Baba a wurin. Ya ce wa tantan a bar wannan, nasa ne. Na bar shi. Da aka kira azahar ya shiga gida ya yi alwala, ni kuma neman suna ya ɗebe ni. Na ce bari in ƙarasa kafin ya fito, ya zo ya tarar ɗan boko ya gama aiki. Na sa sifana, ban ko ja numfashi ba, kan notin ya faɗo cikin tafin hannuna.

Na tsaya ina kallonsa. Kan ne kawai da ɗan guntun wuya, sauran jikin yana can cikin ƙarfe. Karayar ba sabuwa ba ce, ta yi baƙi, kuma an shafe ta da gam ɗin nan mai haɗi biyu da masu babura ke liƙe tanki da shi. Ta waje an goga masa baƙin mai da ƙasa don ya saje da 'yan uwansa. Aiki ne na natsuwa, wanda aka zauna aka yi shi da kyau. Nan take na ga abin da ya faru kamar ina wurin: hannun ya ƙwace masa wajen ɗauri, notin ya tsinke, ya duba hagu da dama ba kowa. Dattijon da ko goron wani bai taɓa ɓoyewa ba, ya zauna yana liƙa kan noti don kada 'ya'yansa su gani. Dariya ta taso mini, kafin ta iso baki ta koma wani abu, sai na ji tausayinsa ya kama ni har idona ya yi zafi.

Ina nan tsugune ya fito, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya ga ramin, ya ga hannuna. Ni kuwa ban ɗago ba. Ban san yadda ɗa ke fara irin wannan magana da uban da bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba, don haka na ari hanyarsa. Na juya na fuskanci tantan, na ce mata na yi ganganci, na sa ƙarfi da yawa, na karya noti.

Can sai na ji ya yi gyaran murya, ya gaya mata cewa masu riƙon alli dama ba su san ƙarfin hannunsu ba, amma ba komai, a je a yi salla. Wallahi sai da abin ya ɗan ba ni haushi. Na ba shi rance, ya karɓa har da neman ƙari. Na jefa kan notin a aljihu muka tafi masallaci, yana gaba ina baya.

Bayan salla muka zaro shaf ɗin, muka kwantar da shi a kan buhu. Dalilin yoyon ya fito: da yake noti ɗaya babu, wasu kuma an matse su fiye da kima, murfin ya zauna a karkace ya cinye leɓen sil ɗin ta gefe guda. Takalman birki sun sha mai sun yi laƙwas. Guntun notin kuwa ga shi nan a cikin raminsa, daidai da fuskar ƙarfen, babu abin da filaya za ta kama. Na kankare gam ɗin da na iya kankarewa da farce lokacin da Baba ya juya baya, shi kuma ya daɗe bai juyo ba. Ya gwada da cizil da guduma, ko zai samu ya tura guntun ya juya, amma cizil ɗin sai zamewa yake. A karo na uku ya sami yatsansa. Ya ajiye, ya ce wa tantan sai an kira maƙeri.

Maƙerin nan abokinsa ne tun suna samari, gidansu gidan ƙira ne a Kurfi, shi ne ya bar zuga-zugi ya koma walda. Tsakanin Bafillace da maƙeri kuwa kowa ya san wasan da ke akwai, su biyun nan kuma sun kai shi inda ya wuce misali. Shekara arba'in suna jiran junansu ya yi kuskure. Ba mai kawo shi da injinsa sai ƙanena, shi ke da a-kori-kura, dole na kira shi na ce na karya noti. Ya yi salati, ya ce to Yaya, ga su nan zuwa.

Kafin la'asar sun iso, a lokacin kuma mutum biyar ko shida sun taru a inuwar bedi, duk masu jiran a yi musu haro ne kafin ruwa ya sauka. Maƙeri ya diro daga mota yana tambayar ina Bafillacen da ya sa malamin makaranta aikin maza. Ya ce mini in nuna masa hannun da ya yi wannan ɓarna, ya ɗaga shi sama ya nuna wa jama'a, ya ce a duba, ko kanta babu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya tsuguna gaban aksil ɗin, ya goge wurin da tsumma, ya kai farce ya ɗan sosa guntun. Na ga ya dakata. Ya murza abin da ya kankaro tsakanin yatsunsa, ya kai hanci. Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi Baba da ke tsaye ya harɗe hannuwa a baya. Na san abin da ya shekara arba'in yana nema ne ya faɗo masa a hannu, ga kuma 'yan kallo.

«Malam,» in ji shi da ƙarfi, «mi kake ci a Dutsin-Ma haka? Notin ga ko ni sai na yi da gaske.»

Ya ci gaba da tsokanata har ya fi da, bai sake kallon wajen Baba ba.

Aikinsa abin kallo ne. Ya sa aka cire kan batir, aka rufe bakin aksil da jiƙaƙƙen buhu saboda tartsatsi. Ya ɗora washa a kan guntun, ya ɗiga walda ta tsakiyar ramin har ta kama, sannan ya ɗora macen noti a kai ya cika cikinta da wuta har ta yi ja. Ya zaro guntun kyandir daga aljihu ya goga a gefe, ya narke ya bi tiredin, wato zaren jikin notin, ya shige. Ya ce a bar shi ya huce da kansa, wanda ya zuba masa ruwa shi da Allah. Muka yi la'asar muka dawo. Ya sa sifana ya ja a hankali, sai ƙas, waldar ta ɓalle ta bar guntun yana nan inda yake. Masu jira suka yi tsaki, ɗaya ya ɗaga kai ya dubi gabas. Maƙeri ko a jikinsa, ya ce na farko dama gaisuwa ce. Ya sake sabuwar washa da wata macen, ya daɗe a kan wutar fiye da ɗazu. Wannan karon bai ja kai tsaye ba, ya riƙa yi gaba kaɗan, baya kaɗan, yana ɗan ƙwanƙwasa kan da guduma. Sai muka ji wani ɗan siririn ƙara, guntun ya motsa. Ya fito da shi zagaye bayan zagaye, bai bari kowa ya gani ba, ya jefa shi cikin akwatin kayansa ya rufe.

Muka wanke takalman birki da fetur muka shanya. Aka fitar da lalataccen sil, aka shafa wa sabon giris a leɓe, maƙeri ya ɗora katako a kai ya riƙa bugawa a zagaye har ya zauna daidai. Ni da ƙanena muka ɗaga shaf muka mayar, muka sa notuna da hannu, har da wani sabo da Baba ya fito da shi daga cikin gwangwanin tarkacensa. Duk wannan lokacin bakin mutane bai bar kaina ba. Wani ya ce yini guda na ci musu. Wani ya ce ko iskar keke ba zai ba ni in sa masa ba, kuma in Allah ya kai mu ranar kasuwar Kurfi sai ya ba da labari. Ƙanena bai yi dariya ba, ransa ne ya ɓaci. Ya ce, a gaban kowa, don Allah Yaya in an ga abin da ba a iya ba a riƙa barin masu shi, ga tsoho ya yi aikinsa daidai an zo an jawo masa wahala. Na ce ya yi haƙuri. A raina kuwa murna nake, don dabara ta ci, saura ɗaurin ƙarshe kowa ya watse.

Ɗaurin ƙarshe na Baba ne, ba a taɓa yin wani ya yi ba. Aka matsa masa. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ɗora sifana a kan notin sama. Sifanar ta riƙa kaɗawa tana buga ƙarfe, ƙas-ƙas-ƙas, kowa yana ji, kowa ya yi kamar bai ji ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta a kan gwiwarsa, ya yi magana, kuma ba da tantan yake ba.

«Ku bar yaron ga hakanan. Ba shi ya karya ba. Ni na karya shi, yau sati biyu, ni kau na liƙe shi da gam don kar a gani. Shi rufa mani asiri ya yi.»

A wurinmu uba ba ya shigar wa ɗan fari faɗa, ko da a ɗaka ne, balle a bainar jama'a. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki zai ce wani abu, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce maganar miƙa makulli shi ya yi ta, kuma ba zai janye ta ba. A bar shi ya sallami mutanen da ya yi wa alkawarin haro, wani ya tuƙa yana gefe, in an yi kaka a nemo mai saye. Maƙeri, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a wurin zaman makoki, ya juya yana naɗe wayar injinsa, ya naɗe ya warware ya sake naɗewa.

Haushi ya kama ni, na gaske. Yini guda na sha zagi don kada a kai nan, ga shi ya zubar da komai a numfashi ɗaya saboda wasu 'yan maganganu da ko a jikina. Na so in ce masa Baba me ya sa, da ka yi shiru ai shi ke nan. Ban samu na faɗa ba, don ya juyo ya dube ni, ni ɗin, ya miƙo mini sifanar.

«Zo ka ɗaure. Ni in gaya maka inda za ka tsaya.»

Na tsuguna kusa da shi, na sa sifana a kan notin sama. Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. Tafin yana da kaushi da zafi, yana rawa, rawar tana ratsa ni har gwiwar hannu. Iya sanina, tun da aka yaye ni fatarsa ba ta taɓa tawa ba sai ranar. Na fara ja a hankali, yana bina, notin yana ƙara tauri, can ya ɗan matsa yatsuna ya ce, «Ya isa.» Muka koma na ƙasa, sannan na gefe, ɗaya nan ɗaya can. Ina jin numfashinsa a kafaɗata. Mutanen inuwar bedi suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ruwan da ya sauka a wani gari, ni dai ban ɗaga kai ba. Ina ja, yana cewa ya isa.

Sai a lokacin na ƙirga notunan. Goma sha biyu ne, kuma na yi ta jan ƙafa a kan na ƙarshen, don ban so su ƙare ba.